Haƙƙin mara lafiya a ɗakin likita, da nauyin da ke kansa

Likitan iyali shi ne wanda ake fara gani kafin kowa: yana duba jariri da tsohuwa, mai zazzaɓi da mai hawan jini, ya yi abin da zai iya, abin da ya fi ƙarfinsa ya tura gaba. A Kafanchan ba a cika kiransa da wannan suna ba. Shi ne dai likitan da ake bin layi a gani bayan an yanki kati a babban asibitin garin, ko a ƙananan asibitocin kuɗi na cikin gari. A ƙauyukan Jama'a, Kaura da Zangon Kataf kuwa, galibi ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ne ke tsaye a madadinsa.

Abin da ke tsakanin wannan likita da mara lafiya a rubuce yake. Akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, akwai kuma kundin haƙƙoƙin marasa lafiya guda 12 da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a watan Yulin 2018.

Haƙƙi mafi girma a cikinsu, wanda kuma aka fi tauyewa, shi ne bayani. Sashe na 23 na dokar ya wajabta a gaya wa mutum abin da ke damunsa, hanyoyin magani da ake da su, amfani da haɗarin kowace, da kuɗinta, sannan a sanar da shi cewa yana da ikon ƙin amincewa. Ya ƙara da cewa, gwargwadon hali, a yi bayanin da harshen da mutumin ke ji. A Kudancin Kaduna wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne. Tsohuwa ce za ta taso daga Kwoi ko Kagoro, harshenta Hyam ko Gworok, Hausarta ta cin kasuwa ce kawai, ta tarar da likita ɗan bautar ƙasa da Turanci kaɗai yake yi. Ya ɗaura mata na'ura a dantse, ya yi rubutu, ya miƙa takarda. Ta isa gida da ledar magani, a tambaye ta me aka ce, ta ce, "Sun ce jini ne." Hawan jini ne ko ƙarancinsa? Ba ta sani ba. Wata guda ta sha, ciwon kai ya lafa, ta ajiye, domin ba wanda ya ce mata maganin hawan jini ba a barinsa sai da izinin likita. Daga irin wannan ne shanyewar ɓarin jiki ke samun ƙofa. Gaskiya ne layi na da tsawo, likitoci kuma sun yi kaɗan, amma neman mai fassara da maimaita jumla biyu bai kai tsadar jinyar shekaru ba.

Sai sirri. Sashe na 26 ya hana bayyana ciwon mutum ba da yardarsa ba, sai da umarnin kotu, ko wata doka, ko in ɓoyewar za ta cutar da jama'a. Kafanchan gari ne da kowa ya san kowa. Mai yankar kati maƙwabci ne, nas kuma a coci ko masallaci ɗaya ake haɗuwa da ita. Sakamakon gwajin ƙanjamau da ya fita daga baki ɗaya kan raba aure, kuma ya hana wasu goma zuwa gwaji. Hatta ɗaga murya a faɗi ciwon mutum a gaban masu zaman benci tonon asiri ne.

Yarda da magani ma ta mai jikin ce, muddin baligi ne mai hankali. Shawara da miji ko iyaye abu ne mai kyau, amma macen da naƙuda ta yi wa gardama ba a jinkirta mata tiyata don ana jiran maigida ya dawo daga gonar citta. A halin gaggawa kuwa, sashe na 20 ya haramta ƙin karɓar mutum bisa kowane dalili, hukuncinsa tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Wata doka ta 2017 ta tilasta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, kuma yankin da ya sha hare-hare ya san darajarta.

Mara lafiya shi ma da nasa nauyin, na farko kuwa faɗin gaskiya. Yawanci kafin a zo asibiti an biya kemis, an sha jiƙo ko sassaƙe, amma da likita ya tambaya sai a ce ba a sha komai ba, don tsoron faɗa. Likitan da aka ɓoye wa haka a makance yake aiki. (Laifin a raba: mai tsawa ba ya jin gaskiya daga bakin kowa.) Akwai shanye magani har ƙarshe, komawa ranar da aka sa, adana kati, da daina rabon ragowar ƙwayoyi ga maƙwabta. Akwai biyan kuɗin da aka yi bayaninsa dalla-dalla, wanda shiga shirin taimakekeniya na jiha, KADCHMA, ke rage raɗaɗinsa. Akwai kuma ladabi: dokar ta 2014 ta yarje wa ma'aikaci ya ƙi duba wanda ya zage shi ko ya kai masa hannu.

Wanda aka zalunta yana da inda zai kai kuka. Zai fara da shugaban asibitin, a rubuce, da kwanan wata da lambar kati. In ba a share masa hawaye ba, sai Ma'aikatar Lafiya ta jiha, ko hukumar MDCN mai ladabtar da likitoci, ko FCCPC mai kare haƙƙin masu sayen kaya da ayyuka, bayan haka kuma kotu.