Mubahi ma hukuncin Allah ne

Kusan kullum sai an turo wa mutum gajeren bidiyo ta WhatsApp ko TikTok, wani yana cewa kaza haramun ne, babu aya, babu hadisi, babu sunan malamin da ya faɗa. Kafin la'asar saƙon ya zagaye unguwa, har a fara yi wa wani kallon fasiƙi a kan abin da shari'a ta bar masa zaɓi.

Malaman usulul fiƙhu sun kasa hukunci gida 5: wajibi, mustahabbi, mubahi, makaruhi da haramun. Mubahi shi ne abin da aikata shi da barin shi duk ɗaya ne, babu lada, babu zunubi. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa al'adu da mu'amaloli, irin su abinci da sutura da sana'a, asalinsu halal ne har sai dalili ya hana. Ibada ce ake jiran nassi kafin a yi ta. Ke nan wanda ya haramta shi ne zai kawo hujja.

Tarihi ya isa darasi. A 1511 mai kula da hisba a Makka, Khair Beg, ya hana shan gahawa. Hanin bai daɗe ba ya rushe, yau ita ce ake fara tarbar baƙo da ita a ƙasar Saudiyya. Aya ta 116 a Suratun Nahli ta ja kunne a kan kiran abu halal ko haramun da ƙarya.

Sai dai mubahi ba sakin linzami ba ne. Imamu Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1388, ya bayyana a Al-Muwafaƙat cewa abu kan zama mubahi idan an dube shi shi kaɗai, amma hukuncinsa ya canza idan aka dubi jimillarsa. Zaɓen tuwo ko shinkafa ganin damar mutum ne, amma barin ci gaba ɗaya har ya halaka haramun ne. Hira a majalisa ba laifi, sai in ta cinye sallah ko haƙƙin iyali. Kyakkyawar niyya kuma kan mayar da barci abin lada.

Don haka duk mai hawa mumbari ko riƙe waya ya auna kalmar "haramun" kafin ya furta ta. Wanda aka turo wa kuwa ya nemi dalili kafin ya tura gaba.