Gidan Paston: Takardar Sarki Da Takardar Maƙiyi

A cikin shekarar 1485, bayan da Henry na Bakwai ya karɓe mulkin Ingila da kaifin takobi a filin Bosworth, aka naɗa wani mai dukiyar ƙasa, John Paston, a muƙamin sherif na lardunan Norfolk da Suffolk. Kada kunnen mai karatu ya ruɗe shi, domin wannan kalma ba ta haɗa kome da sharifi ba, balle a zaci nasaba ce mai albarka; tsohuwar kalma ce ta mutanen ƙasar, ma'anarta wakilin sarki a lardi, wanda ke tara wasu kuɗaɗen baitulmali, ya zartar da sammacin alƙalai, ya tsare kurkuku, ya zaɓo mutanen da za su zauna su tabbatar da laifi ko su wanke wanda ake tuhuma, galibi na tsawon shekara guda. Ba a ba da wannan aiki sai ga wanda aka sallama ɗan asali ne. To, shi wannan John tattaɓa-kunnen wani manomi ne mai suna Clement, wanda ya rasu a 1419, watau shekara 66 ke nan tsakanin kabarin mai garma da kujerar wakilin sarki, kuma yadda aka tsallake wannan tazara shi ne abin da nake ganin ya cancanci a yi masa nazari da idon basira.

Takardu biyu ne suka zo mana game da asalin gidan, kowace tana ƙaryata 'yar'uwarta. Ta farko wani maƙiyinsu ne ya rubuta, bai sa sunansa ba, nufinsa kuwa ya tozarta su. Ya bayyana cewa Clement talaka ne mai noma da hannunsa a ƙauyen Paston, kusa da gaɓar teku, yana bin garma rani da damina, yana hawan doki ba sirdi da buhun hatsi ƙarƙashinsa zuwa wurin niƙa, ya komo da gari, gonarsa kuma ba ta wuce eka 100 ko 120 ba. Ya ƙara da cewa matarsa Beatrice daga cikin ɗaurarrun talakawan gandu take, waɗanda ba bayi ba ne da ake kaiwa kasuwa, amma kuma ba 'ya'ya ba ne, tun da ba su da ikon barin ƙasar ubangidansu sai da izninsa. Ta biyu daga fadar Sarki Edward na Huɗu ta fito a 1466, tana shaida cewa an binciki hujjojin gidan an same su 'yan asali tun zamanin da Normawa suka ci Ingila a 1066, daga wani kaka da aka ce ya ƙetaro daga Faransa. Masana tarihi na yanzu sun fi karkata ga cewa maƙiyin ne ya fi kusa da gaskiya, salsalar da aka kai gaban sarki kuwa akasarinta saƙa ce.

Ra'ayina a nan shi ne, mutumin da ya zauna ya kaifafa alƙalaminsa don ya ci mutuncin Paston shi ne, ba da saninsa ba, ya adana musu mafi darajar abin da suka mallaka. Domin a cikin wannan takarda ta zagi aka ambata cewa Clement ya ci bashi don ya sa ɗansa William makaranta, ɗan'uwan matarsa Geoffrey Somerton kuma ya taimaka har yaron ya koyi shari'a. Annobar da ta share wajen sulusin mutanen Ingila ko fiye a 1348 da 1349 ta bar gonaki ba manoma, ƙwadago ya yi tsada, ƙasa ta yi araha, mai himma ya sami ƙofa. Amma ba kowane manomi ne ya fahimci cewa gona tana iya zama tawada ba. William, wanda aka haifa a 1378, ya zama lauya, ya auri Agnes Berry, magajiyar wani barde, ya yi ta sayen gandaye, har da na Gresham da ya karɓa daga hannun Thomas Chaucer, ɗan wani shahararren mawaƙin Ingila, sa'an nan a 1429 aka naɗa shi alƙali a ɗaya daga manyan kotunan sarki. Da ya rasu a 1444 ya bar dukiya mai yawa, ya kuma bar mahassada daidai da ita.

Abin da ya sa muka san gidan fiye da kowane gida irinsa shi ne wasiƙunsu, waɗanda tare da sauran takardun suka haura dubu, daga wajen 1422 zuwa 1509. Maigida John na farko, ɗan William kuma uban John ɗin da ya zama sherif, yakan daɗe a Landan yana bin shari'o'i, matarsa Margaret Mautby tana Norfolk tana riƙe da gida, saboda haka kome sai an rubuta. A 1448 wani basarake mai ƙafa a fada, Moleyns, ya ƙwace Gresham ba tare da wata hujja mai ƙwari ba, kuma a cikin wannan fitina Margaret ta aika wa mijinta wasiƙa tana neman ya sayo bakuna na ƙarfe da kibau da gatura na yaƙi da rigunan sulke, tana kwatanta yadda abokan gaba suka huda bangon gidan da suka mamaye don harbi. Sa'an nan, ba tare da ta sauya murya ba, ta roƙe shi ya haɗo da laba guda ta sukari da yadin da za a ɗinka wa yara riguna. Ban san wata salsala a duniya da za ta nuna mini mutum kamar yadda wannan jerin saye-saye ya nuna mini wannan mata ba. A watan Janairu na 1450 Moleyns ya turo mata runduna har gidan da take a Gresham, wadda mijin ya ƙiyasta da mutum dubu a cikin ƙararsa, suka rushe bangon ɗakin da take ciki, suka ɗauko ta suka ajiye a waje. Da magana ta kai ga shari'a, sherif na lokacin ya sanar da su cewa ya sami umarni daga sama ya zaɓo mutanen da za su wanke Moleyns. Ga amfanin kujerar nan ke nan, ga kuma dalilin da ya sa mai gandu ke kwana yana mafarkinta.

Babbar musiba da babban rabo sun zo musu a rana guda. Tsohon mayaƙin nan Sa John Fastolf, wanda ya tara dukiya a yaƙe-yaƙen Faransa ya gina katafaren gida mai ganuwa a Caister, ya rasu a Nuwamba 1459 ba ɗa ba jika, sai John na farko, lauyansa, ya fito ya ce marigayin ya yi masa wasiyya da baki a kan gadon ajali, ya bar masa gandayensa na Norfolk da Suffolk bisa wasu sharuɗɗa. Wanda ya karanta babin wasiyya a fiƙihu, ya san yadda malamai suka iyakance ta ga sulusi, suka kuma tsananta a kan shaidu, zai gane hikimar wannan tsanani idan ya ga abin da ya biyo baya: sauran wasiyyai suka yi inkari, aka shekara goma sha wani abu ana jayayya, aka jefa John kurkukun Fleet har sau uku, ya rasu a 1466 bai ga ƙarshen shari'ar ba. A cikin wannan rikici ne maƙiya suka tono zancen bauta, domin a dokar zamanin ɗaurarren talaka ba shi da ikon riƙe gandu da kotunsa, in da zargin ya tabbata da an yi musu ƙarƙaf.

A nan ne mai adalci zai ce, ai lalura ce ta sa su ƙirƙiro kaka daga Faransa, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na yarda da wannan uzuri, har ma ina ganin laifin ya fi rataya a wuyan dokar da ta mai da asalin mutum hujjar ƙwace gona. Sai dai ƙarya ba ta tsayawa inda aka ajiye ta, kuma shekara uku kacal bayan takardar sarki sai ga 'ya'yan gidan sun gaskata abin da suka saƙa da hannunsu. A 1469 'yarsu Margery ta ɗaura alkawarin aure a ɓoye da Richard Calle, wakilin da ke kula da gandayensu, mutum mai amana da iya lissafi, amma ɗan masu kanti a garin Framlingham. Babban limamin cocin Norwich ya bincike su ɗaya bayan ɗaya, ya hukunta cewa auren ya ƙullu. Uwarta Margaret ta ba da umarni kada a buɗe mata ƙofa, wanta John kuwa, shi ne wanda zai zama sherif daga baya, ya rubuta cewa ba zai taɓa amincewa ƙanwarsa ta koma sayar da kyandir da kayan yaji a Framlingham ba. Tattaɓa-kunnen mai kai niƙa a kan doki ba sirdi ke wannan magana! Abin dariya kuma, ba su iya rabuwa da Calle ɗin ba, ya ci gaba da yi musu aiki, don babu wanda ya san littattafan haraji kamarsa.

A wannan shekara dai basaraken Norfolk, John Mowbray, ya kewaye Caister da mayaƙan da aka ce sun kai 3,000, John ƙarami yana ciki da mutanen da ba su wuce 30 ba, suka jure makonni kafin su sallama, gidan bai tabbata a hannunsu ba sai bayan rasuwar basaraken a 1476. Daga nan sai hawa: sherif a 1485, sarautar barde a filin yaƙin Stoke a 1487, har a 1679 wani jikan jikokinsu ya sami sarautar Yarmouth. A 1732 mai riƙe da ita na biyu ya rasu bashi ya yi masa katutu, ba ɗa namiji a raye, aka sayar da kayan gidan, sunan ya yanke.

Takardun kuwa, waɗanda aka tara su don shari'a ba don tarihi ba, suka yi ta yawo daga hannun wannan mai son tsofaffin abubuwa zuwa na wancan, har John Fenn ya buga kashi na farko a 1787, mutanen Landan suka yi rububinsa, Sarki George na Uku ya naɗa shi barde saboda wannan aiki. Akasarinsu suna ajiye yau a babban ɗakin karatu na Birtaniya. Kakan nan da aka ce ya ƙetaro daga Faransa, masu nazari kan ambace shi a layi guda su wuce, alhali kusan duk littafin da aka rubuta a kan gidan da Clement yake buɗewa, yana bisa dokinsa, da buhun hatsi ƙarƙashinsa.