Kyautar Ido: Maganar Da Ba Mu Fara Ba Tukuna

Tun shekarar 1943 Asibitin Ido na ECWA da ke Kano yake karɓar makafi, kuma jama'armu sun san aikin cire yanar ido sarai. Amma akwai wata makanta da wannan aiki ba ya warkarwa, wato hakiya. A gaban ƙwayar ido akwai wani tantani garau kamar gilashin agogo, ta cikinsa haske ke shiga. In ƙyanda ta kama yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki, ko amodari ya juya gashin ido yana gogar tantanin, ko karan dawa ya soki manomi aka ɗiga masa maganin gargajiya, sai wurin ya warke da farin tabo. Sau da yawa cikin idon lafiya lau yake, taga ce kawai ta toshe.

Maganinsa shi ne a yanke tantanin da ya lalace a ɗinka wani. Likita Eduard Zirm ne ya fara cin nasarar wannan aiki a 1905, a ƙasar Turai. Da yake tantanin ba shi da jijiyoyin jini, jiki ya fi saurin karɓarsa a kan ƙoda ko zuciya. Sai dai a jikin mamaci ake samunsa, cikin 'yan sa'o'i bayan rasuwa. Mutum ɗaya yana iya buɗe idon mutum biyu. Ƙasar Siri Lanka, wadda ba ta kai mu yawa ba, ta kafa ƙungiyar ba da kyautar ido a 1961, har ta riƙa aika wa waɗansu ƙasashe. Mu kuwa kullum muna binne namu.

Mun san abin da ke zukatan masu bi. Waɗansu suna tsoron kada su tashi makafi a ranar tashin matattu. 'Yan'uwa, idon da aka binne ai ƙasa ce ke cinye shi cikin 'yan kwanaki. Manzo Bulus ya bayyana a 1 Korintiyawa sura 15 cewa jikin da za a tashe shi dabam yake da wanda ya ruɓe. Allahn da zai tashi shahidan da aka ƙone ƙurmus, tantanin ido ba zai gagare shi ba.

Tsoro na biyu ya fi nauyi, ba kuwa za mu raina shi ba. A ƙasar da ake jin labarin ƙwaƙule idon mutane don tsafi, dole iyali su yi ɗari-ɗari. Shi ya sa muke cewa a yi abin a fili, a asibitin da hukuma ta amince da shi, da takarda da shaidu, ba tare da ko sisin kwabo ya shiga tsakani ba. Ba a ɓata fuskar mamaci, ba a kuma jinkirta jana'iza.

Lokaci ne babbar matsala. Mu kan kai gawa ɗakin ajiya mu jira dangi mako guda ko biyu, kafin nan damar ta wuce. Matar da mijinta ya cika yanzun nan ba za ta iya yanke wannan shawara ba in ba ta taɓa ji daga bakinsa ba.

Saboda haka muna roƙon fastoci da dattawan ikkilisiya su gayyaci likitan ido ya yi wa jama'a bayani bayan sujada, Zumuntar Mata kuma ta sa batun cikin taronta. Asibitocin mishan da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna su gaya mana a fili inda mai niyya zai rubuta sunansa, da wanda iyali za su kira in rasuwar ta zo da tsakar dare.