Kyamarar Farko: Mai Madubi ko Maras Madubi?

Duk wanda ya ƙuduri niyyar koyon ɗaukar hoto a wannan zamani, tambayar da ke fara tare masa hanya ita ce: wace kyamara zai saya, mai madubi da ake kira DSLR, ko kuwa maras madubi? 'Yan kasuwa suna da amsa a bakinsu, kuma galibi sabuwa mai tsada suke nunawa. Amma ga ɗan koyo da ya daɗe yana tara 'yan kuɗinsa, DSLR ta hannu ita ta fi dacewa.

A cikin DSLR akwai ɗan madubi a karkace bayan idon kyamara, shi ke tura haske sama zuwa tagar leƙe. Da an danna maɓalli sai ya ɗaga, hasken ya faɗa kan sensa, wato faifan da ke kama hoton. A maras madubi kuwa haske kai tsaye yake isa sensa, abin da mai leƙe ke gani ɗan allo ne na lantarki. Kamfanin Panasonic ne ya fara fito da irinta a 2008, sannan a 2018 Canon da Nikon suka tsunduma gadan-gadan da samfurin EOS R da na Z.

Babu musu, can masana'antar ta dosa. Sai dai wannan ƙaura ita ce ribar ɗan koyo. Ƙwararru suna ta sayar da tsofaffin kayansu, kasuwar kayan hannu ta cika, farashi ya sauka. Nikon na ƙera idanun kyamara masu bakin F tun 1959, Canon kuwa masu bakin EF tun 1987, saboda haka zaɓi yana da yawa. Kuɗin sabuwar maras madubi ita kaɗai kan iya sayen DSLR ta hannu tare da ido mai milimita 50, wanda ke fito da fuska tas ko da haske ya yi ƙaranci. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Kuma ranar da ya sauya, yawancin idanun nan za su hau sabuwar kyamarar kamfaninsu ta hanyar ɗan mahaɗi.

Sai batun batir, wanda masu talla ba su cika ɗagawa ba. Tagar leƙen DSLR gilashi ce da madubi, ba ta shan wuta. Nikon D3500 kan ɗauki hoto wajen 1,550 a caji ɗaya bisa awon kamfani, alhali Sony A6000 ba ta kai 400 ba. Inda wutar lantarki ke zuwa ta ɗauke, wanda aka ɗauka aikin biki tun safe har dare ya san nauyin wannan tazara. Haka kuma ƙurar hunturu: idan aka cire ido daga yawancin marasa madubi, sensa a buɗe take, yayin da ta DSLR ke ɓoye bayan madubi da murfinta.

Hujjar ɗaya ɓangaren ma ba ta wasa ba ce. Maras madubi tana nuna hasken hoto ko duhunsa tun kafin a danna, kuma sababbinta suna bin ƙwayar idon mutum da kansu. Wanda bidiyo ne babban burinsa, gara ya daure ya saye ta. Wanda kuwa hoto yake son koya, sai ya ɗauka, ya duba allon baya, ya gyara, ya sake. Jinkirin 'yan daƙiƙu ne kawai.

Kafin ya biya, ya nemi sanin adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, domin murfin da ke buɗewa da rufewa gaban sensa yana gajiya. A ƙananan samfura an auna shi kan danni kusan 100,000. Sannan ya ɗaga idon ga haske ya duba ko akwai karce ko hunhuna a ciki, ya kuma ɗauki hoton farin bango don ganin tabon da ke kan sensa.