Shingen da ke gadin bayan ido

Ƙannena, a darasin Bayoloji an zana muku ratina, tantanin nan da ke can bayan ido, wanda haske ke sauka a kansa. Abin da ba a cika faɗa a aji ba shi ne yadda take samun abinci. Tana buƙatar suga da iskar oksijin daga jini, amma ba ta jure ruwan jini ya malalo cikinta. Da ya shiga sai ta kumbura, gani ya dusashe.

Shi ya sa take da shinge biyu. Na ciki yana jikin ƙananan jijiyoyin jininta: ƙwayoyin halittar da ke bangonsu sun manne da juna gam, babu ko tsaga. Suga ma sai ta wata ƙofa ta musamman yake wucewa, kamar mai shiga gari a zamanin ganuwa. Na waje layi ne guda na ƙwayoyi masu duhun launi da ke bayan ratinar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jinkirin aikin. Jijiyoyin ratina suna fara tsirowa daga tsakiyar bayan ido wajen mako na 16 da ɗaukar ciki, su riƙa bazuwa a hankali, ba sa kaiwa gefe sai wajen mako na 40. Ke nan bakwaini yana zuwa duniya ne aikin bai ƙare ba. Idan aka sa shi a kwalba oksijin ya yi masa yawa, jijiyoyin sukan tsaya da girma, daga baya wasu marasa ƙwari su tsiro barkatai, suna yoyo, har su iya ɓamɓare ratinar. Haka mawaƙin Amurka Stevie Wonder, wanda aka haifa bakwaini a 1950, ya rasa ganinsa yana jariri.

Kada ku ji tsoron kwalba, rai take ceto, kuma yanzu auna oksijin ɗin ake yi. Amma in an haifi bakwaini a gidanku, ku tuna wa iyaye su nemi likitan ido ya duba shi cikin watan farko, ko da idon ya yi kyau garau daga waje. In an gano da wuri, ana magance shi.

Ciwon suga ma yakan ɓula wannan shinge a hankali, ba tare da zafi ba. Shi ya sa ake son mai ciwon ya je a duba masa bayan ido duk shekara.