Karas Ba Tumatir Ba Ne: Wasiƙa ga Matasa Masu Lambun Buhu

Zuwa ga 'ya'ya da jikoki masu noman karas a buhu da bokiti da komin katako,

Mai wannan wasiƙa tsohon ɗan lambu ne, ya ja jigo tun kafin injin ban-ruwa ya zama ruwan dare. Ya ga yadda matasa suka mayar da buhunan siminti da yankakkun jarkoki gona a tsakar gida. Madalla, Allah ya yi albarka. Yabon ke nan.

Abin da ya sa shi ɗaukar alƙalami dashe ne. Kwanan baya ya leƙa gidan maƙwabta, ya tarar da yaro ya rene irin karas a kiret ɗin ƙwai, yana cira yana dasawa a buhu kamar mai dashen tumatir, wai a waya ya gani. Tumatir da albasa in aka tsinke musu saiwa sai su fid da wasu. Karas kuwa saiwarsa ta fari ita ce abincin, kuma tana nutsawa ƙasa siririya kamar zare tun kafin ganyen kirki ya fito. Da zarar ta lanƙwashe ko bakinta ya katse, an gama. Bayan wata uku a tono wani abu mai ƙafa biyu ko uku, kamar citta, wanda dillalin kasuwar 'Yan Kaba ko tayawa ba zai yi ba.

Tsofaffin da suka yi lambu a gaɓar kogin Jakara ba su san santimita ba, amma ba wanda ya taɓa ganin sun dasa karas. Da yake irin ƙanana ne, giram ɗaya ma ɗaruruwa ne, sai su cuɗa shi da rairayi don kada ya zuba wuri guda, su yafa a inda zai zauna har ranar cira. Su rufe da ƙasa shafe-shafe, abin da bai kai santimita 1 ba, su shimfiɗa busasshiyar ciyawa, su riƙa yayyafi safe da yamma. Tsiron kan ɗauki mako 1 zuwa 3, kuma ƙasar ta bushe sau ɗaya a tsakani, an yi asarar iri. Yawancin mutanen nan sun riga mu gidan gaskiya, komayensu da dama gidaje ne a kai yanzu. Wa ya tsaya ya tambaye su?

Laifi na biyu tausayi ne. Tsiro ya fito cunkus a bokiti, mai shi ya kasa rage ko ɗaya, wai yana jin zafin kuɗin iri. To, wannan rowa ce, ba tausayi ba. In ba a bar tazarar yatsu uku, wajen santimita 5, tsakanin tsiro da tsiro ba, ganye za a samu, a ƙasa kuwa tsinke. Kuma wanda aka cire ɗin, don Allah a ba akuya. Kada a ce za a dasa shi a wani buhun, an koma gidan jiya ke nan.

Ɗanyen kashin kaji ma hakan yake yi: ganye shar, saiwa ta rarrabu ta yi gashi. Taki sai wanda ya ruɓe sarai, a gauraya da ƙasa mai rairayi, a tsince tsakuwa, domin dutse ɗaya kan raba saiwa biyu. Zurfin mazubi ya kai santimita 30, a huda gindinsa. In bai kai ba, a nemi gajeren iri kamar Chantenay maimakon Nantes mai tsawo.

Tsoho ya yi zafi, 'ya'ya su yi masa afuwa. Karas ɗan sanyi ne, shukar Nuwamba ta fi zaƙi da launi. Wanda ya makara har zafi ya kusa, ya nemi irin Kuroda, ya fi jure rana, ya kuma matsar da buhunansa inda inuwar la'asar ke sauka.