Kafin ka ce sawunkad ɗinka ya lalace

Kaka ta shigo, kuma duk mai ɗan sutudiyo a Funtua ko Malumfashi ya san lokacin samu ne. Dillalan masara da waken suya suna son tallar da za a saka a lasifikar mota ranar kasuwa, ga bukukuwa sun kunno kai, kowace amarya na son waƙarta. A daidai wannan lokaci ne kuma za ka ga kuka ya cika WhatsApp: murya na fashewa, sawunkad ya lalace, wa zai shiga Kano ya sayo min sabo?

Tsaya tukuna, ɗan uwa. A ganina, sau da yawa wannan ɗan akwatin da ke haɗa makirufo da kwamfuta lafiyarsa ƙalau. Mu ne ba mu da haƙurin bincike.

Fara da makunnin da aka rubuta Gain a jikinsa. Mu dai muna son ƙara, mun taso da lasifikar biki wadda sai ta girgiza ƙirji ake cewa ta yi. Sai mu murɗe makunnin nan har ƙurya. To, na'urar tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka, abin da ya haura sai ta datse shi, shi ne kake jin murya kamar ana yaga tsumma. Shi ya sa aka sa mata fitila. A Focusrite Scarlett zoben makunnin ne ke komawa ja, a Behringer kuma akwai 'yar fitilar gargaɗi. Ja na nufin ka rage. Kuma ka sani, muryar da ta fashe wajen ɗauka ta fashe ke nan; ko ka rage ta a FL Studio daga baya, fasasshiyar ce dai ka rage. Sa mawaƙin ya rera wurin da ya fi ɗaga murya, ka saita yadda ma'aunin zai tsaya wajen -12, ya kuma ja baya daga makirufo kamar taƙi guda. In tallar ta yi ƙasa, ƙara mata ƙarfi daga baya ba wuya.

Idan kuma gurnani kake ji a ƙarƙashin muryar, wani zuuu da ba ya yankewa, zargi wuta. Gwajin kyauta ne: zare cajar laftof, ka ɗauka da batir. In gurnanin ya ɗauke, to cajar ce, ko janareta, ko wayarin ɗin shagon da ba a haɗa masa wayar ƙasa ba. Caja laftof ya cika, ka yi ɗauka da batir, ka raba wayar makirufo da wayar wuta. Wayar salula ma a nisanta ta, don wani dit-dit ɗin daga ita yake. (Na san wannan ne mafi wuya, mawaƙi na son ya yi TikTok yana cikin rerawa.)

Ƙas-ƙas mai zuwa jefi-jefi, wannan yawanci kwamfutar ce ta gaji. Shiga saitin sauti ka ɗaga bafa zuwa 256 ko 512, rufe Chrome, ka tabbatar lambar da ke manhajar ta yi daidai da ta na'urar, 44,100 ko 48,000. Soka USB ɗin kai tsaye a jikin laftof, ban da mahaɗa mai baki huɗu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mai canza komai lokaci guda, waya da saiti da soket, ƙarshe bai san wanne ya gyara ba, gobe matsalar ta dawo ya rasa ta ina zai fara. Canza abu ɗaya, ɗauki daƙiƙa goma, saurara. Alhajin da ya biya kuɗin talla aka ji sunan shagonsa na ƙarƙara a tsakiyar kasuwar Dandume ba zai yi maka faɗa ba, baɗi ne kawai zai kai aikinsa Zariya.

In duk ka gwada waɗannan, ari waya wajen aboki, ka kuma jona sawunkad ɗin a wani laftof. In can ma ya fashe da murya alhali fitila na kore, to sai ka nemi motar Kano.